"Trigger" a wasannin MUD: kunama ko tarko?

Jama'a, a tattaunawarmu ta nema wa kalmomin wasannin MUD fassarar Hausa, wani ya kawo "kunama" a madadin "trigger", wata kuma ta yi ƙorafi kan "tarko"; mu tsayar da kalma ɗaya kafin kowa ya kama tasa.

Wasannin MUD, waɗanda mutane da yawa ke bugawa tare ta kwamfuta, rubutu ne zalla, tun na farkon da Roy Trubshaw ya soma a Jami'ar Essex ta Ingila a 1978, Richard Bartle ya ɗora. Saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da wasan, ta turo layi, kai ka buga umarni. "Trigger" ita ce ƙa'idar da kake rubutawa a manhajar shiga wasan, irin Mudlet ko TinTin++: idan layi kaza ya fito, a yi kaza. Misali, wasa ya ce jininka ya yi ƙasa, nan take manhaja ta tura umarnin shan magani, kai ko madannai ba ka taɓa ba.

Malam da ya kawo "kunama", hujjarka tana da ƙarfi, don a bindiga sunanta ke nan. Amma kunamar bindiga sai an sa yatsa an ja. Wannan kuwa ajiye ta ake yi a tafi, ta zauna tana jira. Shi ya sa na fi karkata ga "tarko".

Kuma ku dubi yadda fi'ilan suke zuwa da kansu wajen gyara da gwaji. Ka ɗana tarko. Bai kama ba? Ba sai ka zauna jiran dodon cikin wasan ya sake dukanka ba. A Mudlet sai ka jefa masa layin ƙarya da feedTriggers, a TinTin++ da #showme, ka ga ko zai kama. Wani lokaci kuma ya kama abin da ba shi aka ɗana wa ba: wani ɗan wasa ya rubuta jimlar nan ta "jininka ya yi ƙasa" a hira, tarkonka ya ɗauka saba ce ta faɗa, ya zubar maka da magani a banza. Sai ka ɗaure farkon layin da alamar ^, ƙarshensa da alamar $, don tarkon ya kama jimlar kawai idan ita kaɗai ce a layin. In ya dame ka, ka kwance shi tukuna. Gwada faɗin duk wannan da "kunama", za ka ji harshe yana tuntuɓe.

Yaya, na ga ƙorafinki cewa tarko yana ɗauke da ma'anar cuta. Gaskiya ne, sai dai abin da ake kamawa a nan layin rubutu ne, ba mutum ba, kuma "tarkon layi" zai kawar da shubuhar a inda ake bukata.

"Alias" dai, wato gajeren sunan da kake ba dogon umarni, laƙabi ne, ban ji wanda ya ja ba. Saura "timer", mai tura umarni idan lokacin da aka sa ya cika, ku kawo naku.