Muhawara: Shin jinkirta umarnin sabunta caji a DRAM riba ce tsantsa?

Injiniya: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, barin mai sarrafa ma'adanar kwamfuta, wato ɓangaren na'urar da ke tsara shiga da fitar bayanai, ya zaɓi lokacin da zai aika umarnin sabunta caji riba ce da babu asara a cikinta. Kowace ƙwayar DRAM, wato ma'adanar da kwamfuta ke riƙe bayanai a ciki yayin aiki, ɗan ƙaramin kafasita ce, ma'ajiyar cajin lantarki, da cajinta ke zurarewa, shi ya sa ƙa'idar da ƙungiyar JEDEC ta tsara wa nau'in DRAM mai suna DDR4 ta wajabta a aika umarnin sau 8192 cikin milisakan 64, wato duk bayan maikrosakan 7.8. A cif mai gigabit 8, kowane umarni yana tsayar da aiki na nanosakan 350, kuma duk buƙatar da ta iso a lokacin sai ta jira. Tun da ƙa'idar ta yarda a jinkirta umarni har takwas, ko a gabatar da takwas kafin lokacinsu, me zai hana a ɗage su lokacin cunkoso, a aika su idan hanya ta yi sarari?

Malama: Wa alaikumus salam, Injiniya. Ban musanta amfanin ba, domin a kan wannan tunani ne masu bincike na IBM da Jami'ar Texas suka gina dabarar Elastic Refresh a 2010. Inda muka rabu shi ne cewa babu asara. Jinkirin nan bashi ne, kuma ko nanosakan ɗaya ba ya ragewa daga kusan kashi 4.5 cikin ɗari na lokacin da sabuntawa ke cinyewa. A na'urar da ba ta hutawa, da zarar umarni takwas sun taru, dole a koma aikawa a kan kari ko da buƙatu sun yi layi, idan kuma aka biya su a jere, ma'adanar za ta tsaya na kusan maikrosakan 2.8 a lokaci guda. Kwamfutar ofis ba za ta ji wannan ba, amma wanda ya ƙera na'urar sarrafa birkin mota dole ya sa shi a lissafi.

Ɗalibi: Malamai, ku yi mini afuwa. Shin jinkirin ba zai sa bayanai su lalace ba?

Injiniya: A'a, ƙanena. Tazara mafi tsawo da aka yarda da ita tsakanin umarni biyu ita ce ninki tara na 7.8, kusan maikrosakan 70, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milisakan 64 da komai ba. Malama kuwa, na'urorin da ba sa samun sarari ko kaɗan ba su ne mafi yawa ba.

Mai binciken tsaro: Injiniya, ranka ya daɗe, amsarka ta yi daidai idan zurarewar caji ce kaɗai matsalar. Tun 2014 masu bincike na Jami'ar Carnegie Mellon da Intel suka nuna cewa yawan buɗe layi ɗaya na ƙwayoyin ma'adanar yana juya bayanan layukan da ke maƙwabtaka da shi, abin da ake kira Rowhammer. Kariyar TRR da ke cikin cif ɗin DDR4, wato sabunta cajin layukan da ke cikin haɗari, tana ceton waɗannan layuka ne a daidai lokacin da umarnin sabuntawa ya iso. Tsakanin umarni biyu, mahari zai iya buɗe layi kusan sau 165, amma idan aka jinkirta takwas ya samu kusan ninki tara kafin kariyar ta motsa, kuma shi da kansa ne yake haddasa cunkoson da ke sa a jinkirta. Wannan ne ya fi damuna.

Injiniya: Laifin raunin TRR ne, ba na jinkiri ba, domin binciken TRRespass na 2020 ya riga ya nuna ana iya ƙetare ta.

Malama: Ko laifin wane ne, Injiniya, mai na'urar ne zai ɗauki asarar. Dubi DDR5, wadda ta gaji DDR4: tazarar ta koma maikrosakan 3.9, sannan aka kawo umarnin da ke sabunta sashe ɗaya a kowane rukunin sassan cif ɗin yayin da sauran sassan ke ci gaba da aiki. Masu ƙa'idar sun nemi rage tsayawar ne daga tushe. A DDR4 ma, idan zafin cif ya haura digiri 85 a ma'aunin Celsius, sabuntawa tana ninkuwa zuwa kusan kashi 9 cikin ɗari, don haka ina so ka gwada mai sarrafa naka a wannan zafi, da cikakken cunkoso, ka kawo mana jinkiri mafi muni da ka auna, ba matsakaici ba.