Manhajar da na gina wa Alhaji da kayan kyauta ta tsaya: nauyin yana wuyan wa?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu da abokan sana'a. Ina neman shawararku a kan abin da ya same ni a makon jiya, wanda har yanzu ban gama fita daga kunyarsa ba. Shekara uku ke nan da na rubuta wa wani Alhaji mai shagon kayan gini, kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram, wata ƴar manhaja da yake lissafin kayan da suka shigo da waɗanda suka fita da ita, da bashin da magina ke ci, tana kuma buga wa mai saye rasit. Na gina ta da harshen rubuta manhaja na Python da Django 3.2, wato tarin kod na kyauta da ake gina manhaja a kansa, bayanan suna cikin rumbun bayanai na SQLite, duka a kan wata tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu, wani nau'in tsarin aiki na Linux, da ke ƙarƙashin teburinsa. Ban sayi lasisin komai ba, ladan aikina kaɗai ya biya.

Ranar Laraba da dare aka yi ta ɗauke wuta ana maido ta, da gari ya waye kwamfutar ta ƙi tashi, faifan ajiyarta ya mutu. Hankalina bai tashi ba da farko, domin bayanan suna cikin filashi, kod ɗin kuma yana GitHub, shafin intanet da ake adana kod. Na sa sabon faifai, na ɗora Ubuntu 24.04, na sauke kayan da manhajar ke buƙata, amma da na kunna ta sai ta ce ba ta san wani abu mai suna url a cikin django.conf.urls ba. Na gyara wannan, wani ya ɓullo. Ranar Alhamis ce, kasuwa tana ci, yaran shago suka koma rubutu a littafi, ni kuwa ina durƙushe a bayan buhunan siminti ina gumi. Can Alhaji ya leƙo ya ce in ba shi lambar kamfanin da ya ƙera abin, ya kira su da kansa. Da na gaya masa babu kamfanin da za a kira, masu sa kai ne a ƙasashe daban-daban suke rubuta shi, sai ya dube ni ya ce, wato kayan tsintuwa ka haɗa mini ke nan.

Tambayata ita ce, me ya kamata in amsa masa, kuma yaya kuke yi kada irin wannan ta same ku? Akwai kuma wata tsohuwar matsala da nake ta ɗaga wa ƙafa: duk inda ƙusa ko ƙofa ko ƙarfe suka fito a rasit, baƙin akwati ne ke tsayawa a gurbin harafin farko.

Baban Zango ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin a zo kan maganar Alhaji, ka buɗe fayil ɗinka na requirements.txt, wato jerin kayan da manhajar ke buƙata, ka duba. Ina da yaƙinin sunan django kaɗai ka rubuta a ciki, babu lambar siga a gabansa. Idan haka ne, abin da ka gaya wa pip, manhajar da ke sauke kayan Python, shi ne ya kawo maka duk wadda ta fi sabunta a ranar da ka tambaya, shi kuwa ya yi abin da ka sa shi. Masu Django ba su yi maka kwanton ɓauna ba, domin tun a siga ta 3.1 suke gargaɗin cewa za a cire url ɗin nan, suka kuma cire shi a 4.0 da ta fito a Disamban 2021. Ita 3.2 da ka yi aiki da ita mai dogon tallafi ce, ta fito a Afrilun 2021, aka ci gaba da toshe mata ɓaraka har Afrilun 2024. Daga nan ba a sake taɓa ta ba, kuma an yi ta ne don Python har zuwa 3.10, alhali Ubuntu 24.04 da 3.12 yake zuwa. Ka ga ashe abubuwa biyu ka canza a rana ɗaya ba ka sani ba.

Abin da na saba yi, tun bayan da na sha irin wannan wahala a wani aiki da na yi a Tanut, shi ne ranar da zan miƙa aiki ga mai shi, sai in sa pip freeze ya rubuta mini sunan kowane laburare, wato tarin kod irin su Django da aikin ya dogara da shi, da lambar sigarsa, in adana wannan fayil tare da kod ɗin. Ba na tsayawa nan, domin a wurinmu intanet ba abin da ake jingina da shi ba ne. Ina amfani da pip download in sauke kayan gaba ɗaya cikin jaka guda, in kwafe ta a filashi biyu, ɗaya a wurina ɗaya a aljihun teburin mai aikin. Duk ranar da kwamfuta ta mutu, pip install tare da --no-index da --find-links zai ɗora komai daga wannan jakar, ko mega ɗaya ba za ka kashe ba. Wanda ya ga yadda muka yi fama bayan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin wannan ba.

Haka ma Git. Yara da yawa yanzu suna ɗaukar Git da GitHub abu ɗaya ne, alhali Git manhaja ce ta adana tarihin canje-canjen kod da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don aikin Linux, tana aiki a kwamfutarka ko babu intanet sam, shi kuwa GitHub shafi ne na kamfani, wanda Microsoft ya saya a 2018. Umarnin git bundle yana dunƙule tarihin aikinka duka cikin fayil ɗaya da za ka jefa a filashi, ko ka tura wa abokin aikinka a Maraɗi ta WhatsApp.

Wani abu ɗaya game da SQLite: an gina shi yadda idan wuta ta ɗauke a tsakiyar rubutu zai koma inda yake kafin a fara, saboda haka ya dace da irin yanayinmu. Amma kada ka riƙa kwafe fayil ɗinsa zuwa filashi alhali yaron shago yana cikin shigar da kaya, kwafin zai iya fitowa gurgu. Yana da umarninsa na .backup, shi za ka yi amfani da shi. Sa'a ka taka da naka kwafin ya buɗe.

Ƴar Mirya ta amsa:

Malam Ɗan Birni, sannu da wannan ɗawainiya. Baba ya gama magana a kan sigogi, ni zan taɓa batun haruffa, domin na daɗe ina fama da shi a takardun da muke bugawa da Hausa don masu karatun yaƙi da jahilci. Idan da ReportLab, laburaren haɗa takardun PDF, kake fitar da rasit, to haruffan da yake ɗauka idan ba ka zaɓa masa ba su ne Helvetica, waɗanda suka san é da ç na Faransanci amma ba su san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba. Ka nemo fayil ɗin salon haruffa na DejaVu Sans, wanda shi ma kyauta ne kuma galibi yana cikin Ubuntu tun asali, ka yi masa rajista da TTFont na ReportLab, ka ce da shi za a rubuta. Aikin layi biyu ne. Sai dai idan ƙaramar na'urar buga rasit ce mai takarda siririya, irin ta kantunan magani, kuma rubutu kake tura mata kai tsaye, ita tana da nata haruffan a cikinta, namu ba sa ciki, dole ka mai da rasit ɗin hoto kafin ka tura.

Ina kuma zaton akwai wata matsala da ba ka ambata ba, wataƙila don yaran shago ba su kawo maka ƙara ba. Allon rubutun da ke shagon na Faransanci ne, babu ƙ a kansa, saboda haka yaro zai rubuta kusa yana neman ƙusa, manhaja ta ce babu, shi kuwa sai ya sake shigar da kayan da sabon suna, lissafi ya rabu biyu. Dabarar da ake yi wa Faransanci, wato a raba é zuwa e da alamarta sannan a jefar da alamar, ba ta aiki a nan, domin a tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta, ƙ harafi ne mai zaman kansa, lambarsa U+0199, ƙugiyarsa ba ta cirewa. Da hannunka za ka rubuta ɗan teburin da ke mai da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, ƴ zuwa y, manya da ƙanana, ka yi amfani da shi wajen bincike kaɗai, sunan kayan kuma ya zauna yadda aka rubuta shi daidai. Wannan wuri ne da babu wani a Turai da zai gyara mana, don bai taɓa cin karo da shi ba.

Game da Alhaji kuwa, ra'ayina shi ne ka gaya masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: kamfanin da zai kira kai ne. Lasisin Django na BSD ne, ya ba ka izinin amfani da shi, da gyara shi, da sayar da abin da ka gina a kansa, amma a cikinsa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa babu garanti. Shi ɗan kasuwa ne, ya san cewa idan ya sayar wa magini ƙarfe ya lanƙwashe, shagonsa za a dawo, ba masana'anta ba. Kuskuren da muke yi shi ne muna karɓar kuɗin gini sau ɗaya, ba ma yin maganar kuɗin kula, sai mu wayi gari muna aikin shekara da shekaru a kan ladan wata guda.

Na Magarya ya amsa:

Ina gaida kowa. Ni kam ban ga laifin Alhaji a maganarsa ba, kuma bai kamata mu yi saurin kare kayan nan kamar ba su da aibi ba. A Maris na 2016 wani mutum ɗaya ya janye ƴar manhajarsa mai suna left-pad daga npm, rumbun da masu rubuta manhaja da harshen JavaScript ke sauke kaya, layi 11 ce kacal, amma ayyuka masu yawa a duniya suka ƙi haɗuwa a ranar. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin bayanai a intanet, sai ga shi mutanen da ke kula da abin da bankuna da manyan shafuka suka dogara da shi ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Sai kuma xz, manhajar matse fayiloli, a Maris na 2024, inda wani ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka wa mai kula da manhajar har ya samu amincewarsa, sannan ya dasa ƙofar ɓoye a sigogi 5.6.0 da 5.6.1. Injiniya Andres Freund ne ya gano ta, don kawai ya lura shiga ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da bai bi diddigi ba fa?

Shi ya sa shawarar Baba ta ɗaure siga take da kaifi biyu. Idan ka ɗaure Django 3.2 ka manta da ita, ka tsira daga mamaki amma ka zauna da ƙofar da aka daina yi wa kwado. A shagon da kwamfutar ba ta taɓa intanet wannan da sauƙi. Ranar da Alhaji ya ce yana so ya duba lissafi a wayarsa daga Kano, labari ya canza.

Baban Zango ya sake amsawa:

Gaskiyarka, Malam, ban ce a ɗaure a tafi barci ba. A ɗaure don a zaɓi ranar sabuntawa da kai, a kwamfutar gida, ba ranar Alhamis a tsakiyar masu saye ba. Amma ka lura da abu ɗaya a labarin xz da ka kawo: injiniyan ya iya bin jinkirin har gindinsa ne saboda kod ɗin a buɗe yake. Na yi shekaru ina kula da wata manhajar lissafi da wani ofis ya saya da tsada daga waje, ranar da ta ƙi karɓar sabuwar shekara muka yi wata biyu muna aika saƙo babu amsa, ga shi ba mu da ikon buɗe cikinta mu duba.

Ɗan Birni ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, yadda ka faɗa haka na tarar, django da reportlab ne kawai a fayil ɗin, babu lamba ko ɗaya. Na zauna a gida dare biyu na mai da aikin kan Django 5.2, wadda ita ma mai dogon tallafi ce, na bi gargaɗin da take fitarwa ɗaya bayan ɗaya, sannan na ɗaure sigogin na sauke su a filashi biyu. Yaya Ƴar Mirya, DejaVu ya yi aiki, jiya rasit na farko ya fito da ƙusa a rubuce sosai, har babban yaron shagon ya ɗaga shi yana nuna wa maƙwabta. Zatonki ma ya tabbata: da na duba rumbun bayanan na samu ƙofar ƙarfe a shigar da ita ta hanya uku, kowace da nata adadin, kuma wannan ne ya sa lissafin ƙarshen wata bai taɓa daidaita da abin da ke cikin sito ba.

Na je wurin Alhaji bayan la'asar na gaya masa cewa ni ne kamfanin, na kuma kawo maganar kuɗin kula na wata-wata da sayen ƙaramin batirin da zai riƙe kwamfutar idan wuta ta ɗauke. Batirin ya yarda nan take, ya aiki yaro ya tambayo farashi. Kuɗin wata kuwa ya yi dariya ya ce in dawo ranar Asabar da takarda a rubuce, ya ga abin da zan riƙa yi a watan da komai ke tafiya lafiya. Idan akwai wanda ya taɓa rubuta irin wannan yarjejeniya da ɗan kasuwa a nan garin, ina roƙon ya nuna mini yadda ya tsara tasa kafin Asabar ɗin.