Bindigar Zerostat da tas-tas ɗin faifai a hunturu

Baban Fati: Jama'a, raina a ɓace yake. Tun shigowar hunturu faifan garmahona ba ya sauraruwa, sai tas-tas kamar ana suyar gyaɗa. Na sa aka kawo mini bindigar Milty Zerostat daga Ingila, wata 'yar na'ura mai siffar bindiga da ke kashe wutar da ke taruwa a jikin faifai, na matsa ta a kan faifai, ƙarar ta ragu, har sautin ganga ya ƙara kauri. Amma wani a nan ya bi ni ta bayan fage yana cewa asarar kuɗi na yi. Ina so ya fito ya faɗa a gaban kowa.

Injiniya Sani: Baba, rabin maganarka gaskiya ne. Iskar hunturu a bushe take, shi ya sa wuta ke taruwa a jikin robar faifan, irin wadda ke tartsatsi in ka cire rigar sanyi da dare. Ita ke jawo ƙura cikin zanen da allura ke bi. A cikin bindigar akwai wani ɗan dutse da ke ba da caji in an matsa shi a hankali, sai ya kashe wutar. Tas-tas zai ragu. Amma kaurin ganga, abin da aka yanka a faifan shi ne kawai zai fito.

Malam Ɗanlami: Ku tsaya. Wane garmaho? Garmaho shi ne wanda ake wana shi da hannu, mai juyi 78 a minti, faifansa mai fashewa kamar tangaran, allurarsa ta ƙarfe ana canzawa kullum. Na Baban Fati na roba ne, mai juyi 33 da sulusi, irin wanda kamfanin Columbia ya fara fitarwa a 1948.

Baban Fati: Malam, tun muna yara a Fagge duk abin da ke juya faifai garmaho muke ce masa.

Malam Ɗanlami: Yawan masu faɗa ba ya mai da kuskure daidai.

Ɗan Jos: Kanawa ke nan, kowane babur Honda ne a wurinku.

Hajiya Mairo: Me ya kawo Kano a maganar? Ku a Jos me kuke ce masa?

Ɗan Jos: Rakodi, Hajiya.

Hajiya Mairo: To shi ma ai aro ne, ɗana.

Alhaji Mai Buroshi: Ku bar wahala. Buroshi mai gashin kabon ya wadatar, shara ɗaya kafin ka sa allura.

Ɗan Jos: Alhaji, ai kai kake sayar da shi.

Alhaji Mai Buroshi: Yaro, na girmi ubanka a harkar nan. Ka janye.

Injiniya Sani: Don Allah a dawo kan sauti. Baba, ka sa faifai ɗaya sau biyu, wani ya harba bindigar ba tare da ka gani ba, ka faɗi wanne ne.

Malam Ɗanlami: A fara gyara sunan tukuna.

Shugaban zaure: Na rufe nan. Abin da na fahimta: garmaho kalmar iyayenmu ce, Malam Ɗanlami bai kawo hujjar da za ta ture ta ba. Dole Ɗan Jos ya ba Alhaji haƙuri kafin isha'i. Baban Fati kuwa kunnensa ya ji bambanci, kuma na san shi shekara da shekaru, ba ya ƙari a magana.