Zomon daji na cinye min lambu da hunturun nan, ina yake kwana?

Manomin_Binuwai:
Salam jama'a. Ina da ɗan lambu a bakin Binuwai kusa da Garwa, salak da karas da kabeji, tun da sanyi ya shigo kullum da safe sai in tarar an datse min kan shuka, ga kashi ƙanana zagaye da ɓurɓushin ciyawa a ciki, yara sun ce zomo ne amma mun zaga ko'ina ba mu ga raminsa ba. Dan Allah a ina yake ɓuya?

Baffa_Marwa:
Wa alaikassalam ɗana. Daina neman rami, zomon daji ba ya haƙa, na gida ne mai wannan halin. Shi ɗan gurbi yake yi a gindin sabara ko kalgo ko cikin busasshiyar ciyawa ya lafe, kunne a kwance, launinsa ya saje da ƙasa, sai ka kusa taka shi sannan ya zabura. Da dare yake kiwo. Da damina ba ruwansa da kai don ciyawa ta wadata, amma yanzu daji ya bushe ga gobara, to duk inda ɗanyen ganye yake can za shi, lambu ko tohon da ke fitowa bayan an ƙona daji. Mu nan a gefen karal, wato ƙasar laka da ake noman muskuwari (dawar rani), muke yawan tashinsu.

Hajiya_Lambu:
Gaskiyar Baffa. Kuma ka duba yankan, na zomo a karkace yake tsaf kamar da reza, akuya kuwa fizga take yi. In kana da dashen mangwaro ko gwaiba ka naɗe gindin da tsohon buhu, wlh ɓawon ma gaigaya yake in ya rasa.

Manomin_Binuwai:
Hajiya yankan haka yake kam. To in sa magani ne?

Baffa_Marwa:
A'a kul, kar ka soma, kaji da zabi da karnukan maƙwabta za su ci. Nemi ragar waya mai ƙananan ido, tsayin mita 1, ka danne ƙasanta da duwatsu don ta ƙasa yake kutsawa. In kuɗin sun yi yawa fara kewaye wurin irin tukuna, a zagaye sauran da ƙayar magarya. Sannan ka ja wa yaran kunne, in sun tsinci ɗan zomo shi kaɗai su bar shi inda yake, uwar ba ta yar da shi ba, sau ɗaya take zuwa shayarwa bayan faɗuwar rana.