Idan Kulob Ya Faɗa Cikin Bashi: Shawarwarin Magoya Baya

Wata hira kan abin da ya kamata a yi idan kulob ɗin ƙwallon ƙafa ya faɗa cikin bashi ta fara da zolaya tsakanin magoya bayan ƙungiyoyi biyu masu hamayya, daga baya ta koma shawara. Ga abin da na tsinta.

Da yawa sun ce a bambanta fushi da mai kulob da ƙaunar kulob. Wanda ya daina sayen riga don ya matsa wa mai kulob yana da hujja, amma kada ya huce a kan 'yan wasa ko ma'aikatan fili da ke bin albashin watanni.

An fi daɗewa a kan haɗin kai. Zagi a intanet ba ya biyan bashi. Magoya baya su kafa ƙungiya mai rajista, su nemi ganin lissafin kuɗi, su binciki duk mai son saye: da kuɗinsa zai saya, ko rance zai ɗora wa kulob, kamar yadda iyalan Glazer suka yi wa Manchester United a 2005? An kawo misalin ƙungiyar Portsmouth ta Ingila, wadda magoya bayanta suka karɓe ta a 2013, da dokar 50+1 ta Jamus da ke bar wa mambobi rinjayen ƙuri'a.

Ga abokan hamayya kuwa, tsokana kan ƙwallayen da aka sha ba laifi, amma fatan rushewa ya wuce gona da iri. Ina tare da wannan sosai. Da Rangers ta koma rukuni na huɗu a Scotland a 2012, shekara huɗu babbar abokiyar hamayyarta Celtic ta yi ba ta kara da ita a gasar lig ba.