Neman shawara: za mu shiga jirgin roba a Kogin Nilu, ƙanena kuma bai iya iyo ba

Assalamu alaikum jama'a. Da fatan an wuni lafiya, ya sanyi? Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san Uganda ko suka san sha'anin ruwa.

Wurin aikinmu za su tura ni Kampala taro a watan Fabrairu, kuma in an tashi zan samu Asabar da Lahadi a hannuna kafin jirgin dawowa. Ƙanena yana karatu a Jami'ar Musulunci da ke Mbale, to mun yi da shi za mu haɗu a Jinja tunda garin yana tsakaninmu. Shi ne ya turo min bidiyon wasu mutane a cikin jirgin roba, da hular kwano da rigar ceto, ruwa yana ta wurgi da su tsakanin duwatsu, ya ce lallai sai mun shiga. Gaskiya abin ya kwanta min. Har na fara tunanin washegari in gwada kayak, wato ɗan ƙaramin kwale-kwalen nan na mutum ɗaya.

Ga inda gizo ke saƙar. Ni na iya iyo, a Dam ɗin Sabke na koya tun muna yara. Shi kuwa mai zugar ko a kududdufi bai taɓa shiga ba. Na ga masu jirgin suna rubuta mataki na 3, mataki na 5, ban san bambancin ba. Fabrairu lokaci ne mai kyau? Nawa zan tanada? Me ake sawa a jiki? Sannan har yanzu ban faɗa wa Hajiya ba, kuma kun san ni ta damƙa wa yaron.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Mutumin Daura da Kogin Nilu! Ku da duk tarihinku a kan rijiya ɗaya ya tsaya. Allah Ya kai ku lafiya, a turo mana hoto.

Wani ɗan Katsina da ya zauna a Kampala: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na shiga wannan ruwan lokacin da nake can, bari in ba ka abin da na gani.

Matakan nan daga 1 ne zuwa 6. Na 1 da na 2 ruwa ne mai ɗan motsi, har yara ake kaiwa. Na 3 akwai igiyar ruwa sosai, za ku jiƙe sharkaf, amma ba kasafai jirgi ke kifewa ba. Na 5 shi ne ƙarshen abin da ake ɗaukar baƙi a kai, kuma a Jinja kifewa a nan ba hatsari suke ɗaukarta ba, cikin wasan take. Na 6 ba a shigarsa da fasinja. Akwai wani wuri, Itanda, da za a ce ku fito ku taka ta gefen gaɓa a zagaye saman gangaren, sannan a sake sa jirgin a ƙasa. In ka tsaya a kan dutsen nan ka ga yadda ruwan ke tafasa, ƙararsa ta hana ka jin maganar na kusa da kai, za ka gode wa Allah da ba a ce ka bi ta ciki ba.

Kafin a kai ga gangare na farko sai an koya muku komai a inda ruwa ke kwance. Za a nuna muku riƙon filafili, kuma ka riƙe wannan da kyau: tafin hannunka kada ya taɓa barin kan filafilin, domin shi ne ke fasa wa na kusa da kai baki in jirgi ya girgiza. Za a koya muku durƙusawa cikin jirgi ku kama igiyar gefe da zarar matuƙi ya yi tsawa. Daga nan sai su kife jirgin da gangan don ku ɗanɗana. In ka tsinci kanka a ƙarƙashinsa akwai iska a wurin, ka ja numfashi, ka bi igiya ka fito.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne 'yan daƙiƙun da mutum ke yi a ƙarƙashin ruwa bayan kifewar gaske. Ba ka sanin sama ba ka sanin ƙasa, fari fat kawai kake gani. Rigar ce ke fito da kai, ba iyawarka ba. Da ka ɓullo za ka ga wani a kayak ya iso gabanka yana nuna maka inda za ka kama, domin kowace tafiya da masu ceto a ƙananan jirage suna gaba suna jira. Akwai kuma wani jirgin na daban da ke bin hanya mai sauƙi, wanda ya ji tsoron wani gangare sai ya koma can.

Maganar lokaci, kada ta dame ka. Ruwan daga Tafkin Victoria yake fitowa ta madatsun da ke Jinja, don haka ana shiga duk shekara, kuma ba shi da sanyi. Disamba zuwa Fabrairu ma rani ne a can, ruwan sama sai wajen Maris yake kankama. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne tsofaffin bidiyo. Madatsar Bujagali da aka gama a 2012 ta shanye gangaren farko, ta Isimba kuma a 2019 ta shanye wasu na ƙasa. Wani abin da ƙanen naka ya turo maka ƙila yanzu tafki ne shiru. Abin da ya rage dai ya ishi mutum.

Kuɗin wuni guda ya haura dala 100 ga kowane mutum, yawanci da abinci a ciki, amma ka tambayi farashin yanzu kai tsaye. Wasu kamfanonin suna ɗaukar mutane daga Kampala da asuba. Tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, sai dai cunkoson Mukono kan cinye lokaci, don haka ni da zan ba ka shawara ka kwana a Jinja tun daren Juma'a.

Baba, tsohon ma'aikaci daga Dutsin-Ma: Ɗana, ni ban gane wannan abu ba. Kullum muna jin labarin kwale-kwale ya kife da bayin Allah a Neja da Kebbi da Sakkwato, mutanen da dole ce ta sa su shiga, za su kasuwa ko gona. Kai kuma ka biya dala a kife da kai? Da amanar ɗan mutane a hannunka? An hana mu jefa kai ga halaka. Ku je ku ga mafarin kogin, ku ci kifi, ku dawo.

Ɗan masunta daga Yawuri, mazaunin Katsina: Baba, Allah Ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya, amma a yi min izini in ɗan ƙara. A gidan masunta aka haife ni. Jiragen da ke kifewa a wajenmu lodi ne ya wuce kima, ga tafiyar dare, ga katako ya tsufa, kuma ba mai rigar ceto ko ɗaya. Wannan da ake magana ba haka yake ba. Ba na cewa babu haɗari, ruwa ba shi da aboki, amma ba abu ɗaya ba ne.

Kai kuma mai tambaya, ni ba ƙanenka nake ji wa tsoro ba, kai nake ji wa. Wanda bai iya iyo ba abin da aka ce ya yi shi zai yi. Wanda ya koya a dam shi ne zai ce bari in nuna musu. Ruwan dam a tsaye yake, na kogi tafiya yake, kuma ya fi ka ƙarfi ko kai waye. In ka faɗa, ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, yatsu a sama. Kada ka kuskura ka ce za ka miƙe tsaye ko da ka ji ƙasa kusa. Ƙafa ta maƙale tsakanin duwatsu, ruwa ya danna ka ta baya, shi ke nan, ko a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Kuma rigar a ɗaure ta tamau har ka ji ta takura ka. Ka sa wani ya kama kafaɗunta ya ja sama, in ta taho har kunnuwanka ba ta ɗauru ba.

Ɗan Katsinan da ya zauna a Kampala: Gaskiya ne wannan. Na manta da maganar kayak. Ka cire ta daga lissafin shiga gangare kai kaɗai. Ana rufe bakin jirgin da wata roba da ke ɗaure a ƙugunka, in ya kife kanka ne a ƙasa, sai ka iya juyo da shi ko ka iya zare robar ka fice. Koyon juyowar nan kwanaki yake ci. Abu biyu ne za su yiwu a Lahadi ɗaya: ko ka shiga mai kujera biyu, gwani yana baya yana tuƙi, ko ku karɓi na ruwan kwance ku zaga tafkin Bujagali da yamma. Na biyun har ƙanen naka zai iya.

Ma'aikaciyar lafiya, Daura: Yaya, bari in shigo ta ɓangarenmu. Na farko katin rigakafin zazzaɓin shawara, ana iya tambayarsa a filin jirgin Entebbe. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, don haka kada ka bari sai satin tafiya. In ka taɓa yi kuma katin yana nan, ba sai ka sake ba, sau ɗaya ake yi.

Na biyu tsargiya. Tafkin Victoria da bakin kogin akwai ta. Mu a nan da fitsarin jini muka san ta, ta can kuwa yawanci ta hanji ce, mutum zai iya ɗauke da ita bai ga komai a fitsari ba. Dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar ya fi son ruwan gefe mai ciyayi da ba ya gudu, wato wurin da za ka ga kamar ya fi aminci ka tsaya ka yi wanka. Kada kuma ka dawo ka sayi maganinta, praziquantel, a kemis ka haɗiye washegari ka ce ka gama. Maganin manyan tsutsotsi yake kashewa, su kuma sai sun yi makonni kafin su girma. Ka bari kamar wata biyu, ka je asibiti ka gaya musu inda ka shiga, a gwada ka. Ƙanen naka ma haka, shi da yake zaune a can.

In ɗayanku yana da asma, farfaɗiya, ciwon zuciya ko sikila, a faɗa wa likita kafin tafiya, a kuma faɗa wa masu jirgin. Ba abin kunya ba ne. Sauro kuma kamar gida, a nemi ɗaki mai gidan sauro.

Wani ɗan kasuwa, Jibiya: Ni da za ka ji tawa Kogin Zambezi za ka, ƙasan gangaren ruwan Victoria Falls ta garin Livingstone. Can ne ruwa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Alhaji, mutum na da kwana biyu a Uganda kana tura shi Zambiya? Kuma mafi kyawun lokacin can daga wajen Agusta ne zuwa Disamba, sa'ad da ruwa ya ja baya. Ga hawan dutse in an gama kafin a fito daga kwazazzabon. A bar shi ya fara da inda ƙafarsa ta kai.

Hajiya, malamar makaranta a Katsina: Ƙanena, duk sun yi maganar ruwa, ni ta Hajiyarku zan yi. Kada ka ɓoye mata. Yaran yanzu kafin ku bushe ya sa hoton a waya, wata 'yar'uwa ta kai mata, ka ga ka shiga uku. Ka zauna da ita, amma don Allah kada ka nuna mata bidiyon kifewa. Ka gaya mata akwai riga, akwai masu ceto, kuma ƙaramin mataki za ku shiga. In ta ce a'a, a'a ɗin ce, kogin ba gudu zai yi ba.

Sannan ka kula da abinci. Irin waɗannan wuraren na 'yan yawon buɗe ido akan fito da giya da gasasshen nama in an gama. Ka faɗa musu tun wurin biyan kuɗi cewa ku Musulmi ne, su san abin da za su tanadar muku. Cikin garin Jinja akwai masallatai da wuraren cin halal. Azahar kuma za ta iya riskarku a kan ruwa, ka tambayi malaminka hukuncin tun kana gida, ka kuma tambayi masu jirgin ƙarfe nawa ake fitowa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na ji faɗanka kuma ban raina ba. Ga abin da na tsayar: mataki na 5 na ajiye shi. Zan rubuta wa masu jirgin in gaya musu ƙarara cewa ɗayanmu bai iya iyo ba, in sun yarda mu shiga na 3, in kuma sun ce sai na ƙasa da haka, shi za mu shiga. Lahadi mu zaga tafkin. Na kira yaron na faɗa masa, yana ta ƙunƙuni wai abokansa na 5 suka yi, na ce to su ba Hajiya ta ba ni su ba. Gobe in sha Allahu bayan Magariba zan same ta. Saura tambayata ta sutura, ba wanda ya amsa.

Ɗan Katsinan da ya zauna a Kampala: Wando mara nauyi irin na 'yan ƙwallo wanda ya sauka ƙasan gwiwa, mai mazagi, domin ruwan yana tuɓe mai roba kawai. Riga mai dogon hannu da ba ta shan ruwa. Ban da jins, ban da jallabiya. Dogon wandon zai rufe maka al'aura, ya kuma kare ka daga rana, don a zaune za ka wuni kuma cinya da gwiwa ne suka fi ƙonewa, kada ka ce ai mu baƙaƙe ne. Waya, agogo, zobe da fasfo duk a bar su a masauki ko a motar kamfanin, su suna da mai ɗaukar hoto. In ƙanen naka yana sa tabarau, ya ɗaure shi da zare ta ƙeya. Ku kuma tafi da busassun kaya na canji a leda.