Munduwar ƙafa a lokacin beli: idan ta nuna an karya sharaɗi, me ke biyo baya?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Don Allah masana, a Ingila idan kotu ta ba mutum beli da sharaɗin ɗaura masa na'urar sa ido a idon sawu, yaya take aiki? Idan batir ya mutu ko ya makara wajen dawowa gida, gidan yari za a wuce da shi kai tsaye?

Malam Garba:
Wa alaikumus salam. A fara tantance wace iri aka ɗaura masa, don ba ɗaya ba ce. Ta dokar hana fita da siginar rediyo take aiki. Ana ajiye wani ɗan akwati a gidan, a jona shi da wuta, munduwar kuma tana sanar da akwatin cewa tana kusa. Ba ta san inda mutum ya je ba, abin da ta sani kawai yana gida ko ba ya gida a sa'o'in da alƙali ya yanka, misali ƙarfe 7 na dare zuwa 7 na safe. Ita wannan ba a yi mata caji.

Matsalarta daga ranar ɗaurawa take somawa. Masu ɗaurawa sukan zagaya gidan da mutumin don auna iyakar siginar, kuma duk lungun da aka tsallake, kamar bayan gida mai kaurin bango ko farfajiya, yana iya nuna ya fita alhali yana ciki. Kada a matsar da akwatin, kada a zare shi daga wuta. Yana da batir na wucin gadi, amma duk taɓawar da aka yi masa tana shiga rikodi.

Hajiya Laure:
Ta GPS ita ce mai wahalar riƙo. Tana karɓar wurin da mutum yake daga tauraron ɗan adam, ta aika ta layin wayar salula, kuma da ita ake tsare sharaɗin kada a kusanci wata unguwa ko gidan mai ƙara. Kullum sai an yi mata caji, awa ɗaya ko fiye. Barinta ta mutu ana iya ɗaukarsa a matsayin karya sharaɗi. A cikin gini ko tsakanin dogayen benaye takan kauce da 'yan mitoci, shi ya sa ban ga hikimar bin titin da ke dab da iyakar wurin da aka hana ba. A madaurin akwai siririyar waya, da an yanke, cibiyar sa ido mai karɓar bayanan munduwar za ta sani.

Barista Sani:
Game da tambaya ta biyu, ba kai tsaye ba ne. Cibiyar tana kai rahoto ga 'yan sanda, su kuma sashe na 7 na Dokar Beli ta 1976 ya ba su ikon kama shi ba tare da waranti ba. Dole a gabatar da shi gaban majistare cikin awa 24, ban da Lahadi da wasu ranakun hutu. Majistare na iya sakinsa a kan tsofaffin sharuɗɗan, ko ya tsananta su, ko ya tsare shi har zuwa shari'a. Karya sharaɗi ba sabon laifi ba ne, ƙin zuwa kotu ranar zama shi ne laifi.

A wurin nan hujja ke ceton mutum. Idan asibiti ya riƙe shi, ya kira cibiyar tun yana can, ya karɓi takarda mai ɗauke da lokacin shiga da na sallama. Idan lokacin aiki ya canza ko zai sauya gida, lauyansa ya nemi kotu ta gyara sharaɗin tukuna, don ma'aikatan cibiyar ba su da ikon ba shi izini.

Kuma ya riƙa lissafin kwanakinsa. Idan hana fitar ta kai awa 9 a rana da munduwa a ƙafa, kowane kwana 2 ana cire masa kwana 1 daga hukuncin ɗauri in an same shi da laifi, amma ranakun da ya karya sharaɗi ba sa shiga lissafin.